Kalmar "Disturb" a Aji, a Kotu da a Takardar Diyya

Laccar da aka gabatar a Warra, ƙaramar hukumar Ngaski, ga malamai, ɗalibai da iyayen gari

 

 

An bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai cikin harshen Turanci, sai na ɗauko kalma guda, wato "disturb". Na san wani zai ce an hana dattawa zuwa gona da bakin ruwa saboda kalmar da ɗan firamare ma ya sani. Gaskiya ne an san ta, har ta zama 'yar gida. Za ka ji matashi a tashar mota ko a kwata yana cewa, "Kai, kar ka yi distobin ɗina," alhali bai taɓa zama a aji ba. To amma kalmar nan nauyinta ba ɗaya ba ne a ko'ina. A aji maki take ci wa ɗalibi. A kotu tana kai mutum gidan yari. A takardar diyya kuwa, tana iya yanke abin da za a biya iyali idan an taɓa gonarsu. Mu mutanen bakin tafkin Kainji wannan na ƙarshe ya fi shafar mu, kuma can na nufa. Sai dai dole mu bi ta aji tukuna.

Su kansu Turawan Ingila aro suka yi. Kalmar ta shigo musu daga tsohon Faransanci shekaru kusan 700 da suka wuce, Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin, harshen Rumawa. A Latin, "turba" shi ne cincirindon jama'a da ya yamutse, "turbare" kuma yamutsawa ko dagulawa. Daga wannan tushe aka samu "trouble" da kowa ya sani. Daga nan aka samu "turbine", injin da ruwa yake juyawa a madatsar Kainji ya ba da lantarki. Daga nan kuma aka samu "turbid", wato ruwan da ya dagule da laka.

Masunta sun fi ni sanin wannan. Kogin Kwara sau biyu yake cikowa a shekara. Akwai farin ruwa, wanda yake zuwa da damina zuwa farkon kaka. Ruwan saman ƙasashenmu ne na kusa, irin wanda Gulbin Sakkwato yake kwasowa, yana tafe da ƙasa, in ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya yi tafiyar watanni, ya sauke lakarsa a fadamun Mali, ya iso mana da hunturu garau. Farin ruwan nan shi ne "turbid". Yanzu ku dubi Hausa. Mace tana dama fura, tana dama kunu. Mutum kuma ya ce, "Wane ya dame ni," ko "Ina cikin damuwa." Bahaushe da Barume ba su yi shawara ba, amma kowannensu ya ɗauki zuciya kamar ruwan da ya kwanta aka zo aka motsa shi. Shi ya sa muke cewa kwanciyar hankali, muke cewa tashin hankali.

Ɗalibin da ya riƙe wannan ya riƙe kalmar. Kullum akwai abin da ya kwanta, akwai kuma wanda ya tashe shi. Idan barci ne ko aiki, ka ƙwanƙwasa ƙofar ofis ka ce, "Sorry to disturb you." Rubutun da ake ratayewa a ƙofar ɗakin otal, "Do not disturb," wanda yanzu yake cikin wayoyin hannu, shi ke nan ma'anarsa. Idan hankali ne, a ce, "The news disturbed him," labarin ya tayar masa da hankali. Akwai kuma ma'anar da ɗalibanmu ba su cika sani ba, ita ce gusar da abu daga inda yake. Ɗan sanda ya shiga ɗakin da aka yi sata ya rubuta, "Nothing was disturbed," yana nufin ba a taɓa komai ba, kowane kaya yana wurinsa. Ku riƙe mini wannan ma'anar da kyau, za mu neme ta anjima.

Mu 'yan Nijeriya mun ɗora wa kalmar wasu ayyuka da masu ita ba su san ta da su ba. Mutum ya je asibiti ya ce, "Malaria is disturbing me," ko "My stomach is disturbing me." Hausa ce aka juya kalma da kalma: zazzaɓi yana damuna, cikina yana damuna. Bature zai ce, "I have malaria," ko "I have an upset stomach," in gwiwa ce kuma ya ce tana "bothering" ɗinsa. Muna cewa, "Keep disturbing him until he pays," a ci gaba da matsa masa sai ya biya bashi, alhali kalmar naci a wurinsu "pester" ce. Malami ya juyo daga allo ya ce, "You are disturbing," ya yi shiru. A daidaitaccen Turanci jimlar ba ta cika ba, sai an faɗi wanda ake damu: ajin ne, ko malamin ne.

Ni ban ɗauki waɗannan laifi ba a kasuwar Warra ko a hira tsakanin abokai. Turancin Nijeriya ya kafu da ƙafarsa. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancinmu, har da "okada" da "Kannywood". Amma mai duba takardar WAEC ko NECO yana da ma'auninsa, kuma ba zai canza shi don ku ba. Ku san na kasuwa, ku san na jarrabawa, ku san lokacin kowanne.

Akwai ɗaya daga cikin irin wannan amfani namu da ba na so a wuce shi da dariya. Yarinya ta je wurin shugabar makaranta ta ce, "That man is disturbing me." Me take nufi? Tana iya nufin saurayi ne mai naci da aike. Tana kuma iya nufin wani babba yana tare ta a hanya, yana taɓa ta, yana yi mata barazana da maki. Kunya ce ta sa ta ɗauki kalma mai sauƙi ta rufe abu mai nauyi da ita. Malamai mata da iyaye, idan kun ji wannan jimla, ku ja yarinyar gefe ku tambaye ta da Hausa, ko da Kambarci, ko da Gunganci, duk wanda bakinta ya fi sakewa da shi. In abin ya kai, sunansa a Turanci "harassment", kuma shi ya kamata a rubuta a rahoto, domin shi doka ta sani.

Sai wutsiyar kalmar, inda ake yawan tuntuɓe. "I am disturbed" na nufin hankalina ya tashi. "I am disturbing" na nufin ni ne mai damun mutane. Harufa kaɗan ne suka bambanta su. Abin da ya fi wannan haɗari, idan aka ce mutum "is disturbed" ba tare da faɗin abin da ya dame shi ba, Bature yakan fahimci taɓin hankali ake nufi. Ku ɗauka malami yana cike katin sakamako na ƙarshen zango, yaro ne mai surutu da tsokana, sai ya rubuta, "He is a disturbed child." Ya riga ya sa hannu a kan cewa yaron yana da larurar ƙwaƙwalwa, katin kuma zai bi shi duk makarantar da ya koma. Abin da malamin yake nema shi ne "disruptive".

Maƙwabtan kalmar ba za su ɗauke mu lokaci ba. "Interrupt" katsewa ce, a katse magana ko aiki. "Bother" ta fi sauƙi, "worry" kuma fargabar abin da bai faru ba tukuna. "Upset" ita ce ta ɓacin rai, wanda yake kusa da hawaye ko fushi, kuma ma'anarta ta zahiri kifar da abu ce, kamar kwano ko kwale-kwale. Shi ya sa idan ƙaramar ƙungiyar ƙwallo ta doke babba suke kiran abin da wannan suna. Ba ta canza siffa, jiya da yau duk "upset" ce, kada in ga an liƙa mata wutsiya.

Abin da nake so ku lura da shi a duk waɗannan shi ne awo. Kowace kalma tana da iyakar nauyin da za ta iya ɗauka. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwa ɗauke da mutum sama da 150 ya nutse kusa da nan Warra, kaɗan ne suka tsira. Makonni uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba iyalai haƙuri. Babu mahaifin da ya tsaya a bakin ruwa ranar da jirgin ya nutse ya ce abin ya dame shi. Salati aka yi da kuka. Ɗalibin da zai rubuta insha'i a kan irin wannan rana ya ce "the people were disturbed", nahawunsa daidai ne, amma ya rage mudu. Turanci yana da "devastated", yana da "grief-stricken". A nemo su.

Ɗalibi rashin sani ne yake sa shi rage mudu. Hukuma kuwa ta san abin da take yi. Tun zamanin Turawa, sunan da gwamnati take ba wa tarzoma shi ne "disturbances". Rikicin Kano na watan Mayu 1953, rahoton gwamnatin Jihar Arewa da wannan suna ya fito. Rikicin Maitatsine na Disamba 1980, wanda kwamitin Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya bincika, mutum sama da 4,000 suka mutu a cikinsa, shi ma da wannan suna aka rubuta shi. Bayan rikicin Kafanchan na 1987 gwamnatin soja ta kafa doka ta kotun musamman mai ɗauke da sunan "Civil Disturbances". Kotu mai irin wannan suna ce ta yanke wa ɗan gwagwarmaya Ken Saro-Wiwa da mutum takwas hukuncin kisa, aka rataye su ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Ba mu kaɗai ba ne. Rikicin Ireland ta Arewa, wanda ya ci rayuka sama da 3,500, har yau "the Troubles" suke ce masa, kun ga kuwa tushen ɗaya ne. Amfanin kalmar ga mai mulki a fili yake: ba ta faɗin wanda ya fara, ba ta faɗin wanda ya mutu, tana nuna gari yana kwance wani abu ya motsa shi, an kuma kwantar. A ƙananan kotunanmu ma tana nan da ranta. Dokar Final Kot ta Arewa tana da laifin tayar da zaune tsaye, "inciting disturbance", kuma matasa da yawa sun kwana a tsare a kansa saboda abin da suka faɗa a taron siyasa ko suka rubuta a Facebook. Ku 'yan samari, idan kun ji an karanto wannan a takardar tuhuma, ba surutun aji ake nufi ba.

Yanzu mu dawo gida. Na ce ku riƙe ma'anar gusar da abu daga inda yake. Babu wanda za a koya wa wannan a ƙasar Yauri da Borgu. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, da rancen Bankin Duniya da wasu ƙasashe, aka tare ruwa a 1968. Tafkin da ya taru ya haura murabba'in kilomita 1,200, tsawonsa ya kai wajen kilomita 135. Mutum kusan 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka sama da 200. Tsohuwar Bussa, inda Baturen nan mai bin kogin Kwara, Mungo Park, ya halaka a 1806, ta nutse, aka gina Sabuwar Bussa. Gungawa da suka gaji zaman tsibirai, suna noman albasa da rani a gaɓar ruwa, aka hau da su tudu. Kambari, Lopawa, Shangawa, Sarkawa da Hausawa, kowa ya samu rabonsa. Akwai dattawa a wannan zaure da suka ɗauki kaya a ka a wannan ƙaura suna yara.

Ba zan ce ba a yi komai ba. An gina wa mutane gidaje na bulon siminti da rufin asbesto, ƙirar wani mai zanen gine-gine ɗan Ingila, Robin Atkinson, kuma kufansu da sauransu suna nan kuna gani. An biya wasu abubuwa da ake iya ƙirgawa. Ƙasa ta samu lantarki, ko da yake mu na bakin ruwan mun san yadda take leƙo mu. Kifi ya ƙaru a shekarun farko, har masunta suka yi ta zuwa daga nesa. Amma ku tambayi dattawan nan abin da ba a ƙirga ba. Fadamar da kaka ya san kowace kusurwarta. Shekarun da aka yi kafin a gane halin sabuwar gona. Rumbu da ɗakin kara da kowa ya ƙara da hannunsa domin gidan siminti bai dace da zamansa ba. Maƙabartar iyaye da take ƙarƙashin ruwa. Lokacin da aka yi wannan aiki, Bankin Duniya kansa bai da rubutacciyar ƙa'ida a kan tayar da jama'a, sai a 1980 ya fitar da ita.

To, wannan ɓangare da yake wuyar ƙirgawa, masu kimanta dukiya suna da suna gare shi a Turanci, kuma sunan shi ne "disturbance". A wurinsu diyya kashi-kashi ce. Akwai kuɗin gini, akwai kuɗin amfanin gona da itatuwa masu 'ya'ya, sannan akwai asarar da tashin kansa ya jawo: kuɗin kwashe kaya, damina da ta wuce ba a yi noma ba, masu sayen kaya da mai shago ya rabu da su. A ayyukan da Bankin Duniya yake ba da kuɗinsu yanzu, za ku ga layi a takardar biya an rubuta "disturbance allowance". Wanda bai sani ba zai ɗauka ɗan kuɗin ban-haƙuri ne, kamar na wanda aka tasa daga barci, a miƙa masa abin da aka ga dama ya yi godiya. Alhali haƙƙi ne da ake lissafawa, ana kuma ciniki a kansa.

Dokokinmu ba su yi magana da baki ɗaya ba a nan, kuma ya kamata iyayen ƙasa su san bambancin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, abin da dokar ta lissafa a biya shi ne abin da mutum ya ɗora a kan ƙasar, kamar gini da shuka. Ba ta ware wa wahalar tashi kaso ba, kuma masana sun daɗe suna sukar ta a kan haka. Amma Dokar Ma'adinai ta 2007 daban take. Gaskiya ne tsarin mulki ya ce duk ma'adinan da suke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne. Duk da haka dokar ta ce mai neman lasisin haƙa a filin da wani yake riƙe da shi sai ya nemi yardar mai filin. Ta kuma wajabta masa biyan diyya mai ma'ana a kan "any disturbance of the surface rights", wato duk wani taɓa haƙƙin mai amfani da saman ƙasar, ban da diyyar shuka da itatuwa da gine-ginen da aka lalata. Kalmar da muka fara da ita a ƙofar otal ga ta nan zaune a cikin doka, da kuɗi a bayanta.

Me ya sa na dage a kan wannan a Warra? Domin ƙasar Yauri an daɗe da sanin ta da zinariya, a 'yan shekarun nan kuma sunan Libata, nan cikin Ngaski, ya shiga jaridu saboda ma'adinin litiyam da ake yin batir da shi. Baƙi suna zuwa da motoci da takardu. Takardun da Turanci suke, manomi kuma dangwale yake yi. Hanyar da babbar mota ta keta ta tsakiyar gona, burtalin da aka toshe wa makiyayi, rafin da wankin ƙasa ya gurɓata, ƙurar da take sauka a kan dawa, duk abubuwa ne da mai gona yake da bakin tayar da maganarsu a ƙarƙashin wannan kalma. In ba wanda ya tayar, ba za a tayar masa ba.

Ɗalibai, wannan ƙasa ta haifi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya yi bincike a kan tarihin Yauri, ya rubuta littafin "The Hausa Factor in West African History" a 1978, ya kuma shugabanci jami'ar Sakkwato. Da Turanci ya kai labarin ƙasarsa duniya. Ku ma akwai aiki a gabanku da bai buƙatar digiri. Waɗanda suka ga ƙaurar 1968 da idonsu suna ƙarewa. Ku zauna da su, ku rubuta abin da suka bari da abin da suka tarar, ku faɗi kowane abu da nauyinsa. Malamai, ku riƙa shigo da takardun gaske cikin aji, irin takardar yarjejeniya da sanarwar hukuma, yara su saba da Turancin da zai tare su a rayuwa.

Iyayenmu hakimai da dagatai, roƙona gare ku ɗaya ne, Allah ya ƙara muku lafiya. Duk takardar da ta shafi gona ko fili ko ruwa, kada talakanku ya dangwala mata yatsa sai an karanta an fassara masa a gaban shaidu, daga bakin wanda ba mai takardar ne ya kawo shi ba. Idan aka zo kan kalmar nan, a tsaya. A tambayi me za a taɓa, tsawon wane lokaci, nawa aka ware masa, kuma wa ya yi lissafin. In babu ita a takardar sam, a tambayi dalili. A kuma bar wa mai gona kwafi a hannunsa.